Awa Biyu a Layi, Minti Biyu a Sama

Da safiyar 28 ga Fabrairu 2025 aka ɗaura nakiya a gindin Kingda Ka, aka tayar da ita, hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 139 ta kwanta warwas a jihar New Jersey ta Amurka. Tun daga 2005 take tsaye a dandalin wasanni na Six Flags Great Adventure, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu jirgin lilo a duniya da ya kamo ta a tsayi. Jirgin lilo shi ne abin da Turawa ke kira rola-kosta: jerin ƙananan taragu marasa inji da ke gudu a kan dogo mai hawa da gangara da murɗiya, a ɗaure mutane a ciki, a sake su. Kingda Ka kuwa harba mutane yake yi kamar dutse a majajjawa. Cikin daƙiƙa uku da rabi jirgin ya kai gudun kilomita 206 a awa, ya miƙe sama tsaye, ya ƙetare ƙololuwa, ya murɗo ƙasa. Kafin mutum ya gama salati an iso birki, domin duka tafiyar ba ta cika rabin minti ba.

An rufe shi a watan Nuwamba 2024 ba tare da sanarwa ba, sai bayan ranarsa ta ƙarshe kamfanin ya faɗa wa duniya. Wannan ya ɓata wa masoyansa rai ƙwarai, don an hana su hawan bankwana. Sai dai ko a cikin juyayin, mahayan da suka daɗe a harkar ba su ɓoye wani abu ba: da yawansu ba sa lissafa Kingda Ka a sahun gaba na abin da suka taɓa hawa. A cikin wannan dandalin ma, 'yan takun ƙafa daga gindinsa, akwai jirgin katako mai suna El Toro wanda bai kai rabin tsayinsa ba, kuma shi ne suke ƙetaro teku domin su hau. Wanda ya fahimci dalilin haka ya fahimci kusan duk shawarar da waɗannan mutane ke bayarwa game da ziyartar dandalin wasanni, daga kujerar da za a zauna har zuwa lokacin da za a bar gida.

Su wane ne su? A 1977 wani kamfanin fim ya shirya gasar juriya a kan jirgin Rebel Yell na dandalin Kings Dominion a jihar Virginia, domin tallar wani fim. Wasu daga cikin waɗanda suka shiga gasar suka gane cewa ashe ba su kaɗai ne masu wannan larura ba, shekara guda bayan haka suka kafa ƙungiyar American Coaster Enthusiasts, wadda har yau take da rai. Akwai irinta a Ingila da sauran ƙasashen Turai. Membobin ba yara ba ne. Akwai injiniyoyi da akantoci da malaman makaranta da 'yan fansho, mutanen da ke tsara hutunsu na shekara bisa taswirar dandalin wasanni. Suna da al'adar ƙirga: kowane jirgin da mutum ya hau karon farko maki ɗaya ne, ko babba ko ƙarami. Wanda ya kai ɗari ya fara shiga sahu, akwai kuma waɗanda suka haura dubu. Tun 1996 akwai rumbun bayanai a intanet mai suna RCDB, wanda Duane Marden ya kafa, inda ake ajiye tsayi da gudu da shekarar kowane jirgi. Wannan ƙirga ce ke sa a ga dattijo mai furfura ya duƙunƙune gwiwoyinsa a cikin jirgin yara mai siffar tsutsa, yana kauce wa idon iyaye, don kawai ya ƙara maki ɗaya. A can ƙarshen lamarin kuma akwai irin su Richard Rodriguez, Ba'amurken da a 2007 ya shafe sama da awa 405 yana hawa a Blackpool Pleasure Beach ta Ingila, yana ci yana barci a kan kujera, sai ɗan hutun da dokar gasar ta yarje masa.

Ana iya yi musu dariya, su ma suna yi wa kansu. Amma mutumin da ya hau jirgi ɗari biyar ya san abin da allon talla ba ya faɗa, kuma abu na farko da ya sani shi ne jikin ɗan Adam ba ya jin gudu. Fasinjan jirgin sama yana tafiyar kilomita ɗari tara a awa yana kurɓar shayi, ko ɗigo bai zube ba. Abin da jiki ke ji shi ne canji: ƙaruwar gudu, raguwarsa, da sauya alkibla. A gindin gangara, inda dogo ya lanƙwasa ya koma sama, ana danna mahayi a kujera har ya ji nauyinsa ya ninka sau uku ko huɗu. A kan tudu kuwa akasin haka ke faruwa. Jirgin yana so ya gangara, jikin mahayi yana so ya ci gaba da tafiya sama, sai mazauninsa ya rabu da kujera, cikinsa ya yi kamar an zare shi. Wannan rabuwa da kujera ita ce abin da mahaya ke nema ruwa a jallo, har suna auna ta da agogo. Sun ma raba ta gida biyu: akwai mai taushi, wadda mutum ke shawagi kamar audugar rimi a iska, akwai kuma mai fizga, wadda ke jefa mutum sama da ƙarfi har sai ƙarfen cinya ya tare shi. Jirgi mai tudu goma sha biyu a jere, kowane da irin fizgarsa, ya fi musu hasumiya guda mai gangara guda, komai tsayinta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wannan jin bai samu ba sai da aka ƙirƙiro wata ƙaramar taya. Asalin wasan ana danganta shi da Rasha, inda tun ƙarni na 17 ake gina tudun katako a lulluɓe shi da ƙanƙara a riƙa sulalowa. Shi ya sa har yau Faransawa ke kiran jirgin lilo “duwatsun Rasha”, su kuma Rashawa, abin mamaki, suna kiransa “duwatsun Amurka”. A 1884 LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Coney Island ta New York, ana biyan senti biyar, gudunsa bai wuce na mai keke da ba ya sauri ba. Jiragen wannan zamani zaune kawai suke a kan dogo, saboda haka dole a lallaɓa su kada su tashi. A wasu ma akwai ma'aikaci da ke zaune a tsakiyar fasinjoji yana jan birki da hannu, kuma har yanzu haka ake yi a jirgin Tivoli na birnin Copenhagen, wanda aka gina a 1914. Sai a 1919 John Miller ya yi rajistar dabarar sa taya a ƙarƙashin dogo, ta yadda jirgin zai riƙe dogon ta sama da ta ƙasa. Daga ranar aka sami damar gina tudun da zai ɗaga mutum daga kujera ba tare da jirgin ya bi shi sama ba. Cyclone na Coney Island, wanda aka buɗe a 1927 kuma yake aiki har gobe, ɗan wannan dabara ne.

Misalin da mahaya suka fi kawowa in ana gardama shi ne Phoenix. An gina shi a 1947 a San Antonio ta jihar Texas da wani suna. Da dandalin can ya mutu, sai iyalin da ke da dandalin Knoebels a ƙauyen Elysburg na Pennsylvania suka saye shi, suka kwance shi katako bayan katako, suka sake haɗa shi a 1985. Tsayinsa mita 24 ne kacal, gudunsa kilomita 72 a awa, wanda ko tasi tana yi a titin bayan gari. Duk da haka ya sha lashe lambar yabo ta Golden Ticket a matsayin jirgin katako mafi kyau a duniya, yana doke waɗanda suka ninka shi tsayi da kuɗi. Sirrinsa yana cikin jerin ƙananan tuddai na ƙarshen tafiya da kuma irin ƙarfen da ke tsare mahayi. Sanda guda ce da ke tsayawa nesa kaɗan da cinya, ta bar wa jiki sarari ya tashi. A nan ne ake gane dalilin da ya sa mahaya ke magana a kan abin ɗaure mutum kamar yadda mashaya shayi ke magana a kan ganye. Ƙarfen da ke saukowa ta kafaɗa yana ba sabon shiga kwanciyar hankali, amma a tsofaffin jirage yana dukan kunnuwa a kowace kwana, kuma yana danne jiki ya kashe daɗin. Gogaggen mahayi ya fi son ƙarfen cinya kawai, ko da jirgin zai juya shi ƙasa ta koma sama, domin ya san cinya da ƙugu ne ke riƙe mutum. Knoebels ɗin kansa yana da wata daraja a wurinsu: ba a biyan kuɗin shiga, abin da mutum ya hau shi yake biya, saboda haka kakar da ta rako jikoki ba ta asarar ko sisi.

Tarihin Cedar Point, dandalin da ke bakin tafkin Erie a jihar Ohio, ya nuna yadda su kansu masu ginin suka koyi wannan darasi da tsada. A cikin jiragen da ke kammala cikakken zagaye, nan ne aka fara haura ƙafa 200 da Magnum XL-200 a 1989, aka haura 300 da Millennium Force a 2000, aka haura 400 da Top Thrill Dragster a 2003. Kowane sabon kambu yana jawo jama'a, amma na ƙarshen ya zo da injin harbawa mai yawan lalacewa da cin kuɗi, irin wanda Kingda Ka ma ya yi fama da shi. A gefe guda kuma akwai wani ƙaton jirgin katako mai suna Mean Streak, wanda aka buɗe a 1991, ya yi suna wajen girgiza ƙashin mutane ba tare da ya ba su komai ba. A 2016 aka rufe shi. Kamfanin Rocky Mountain Construction ya bar ginshiƙan katakon, ya cire tsohon dogo ya shimfiɗa na ƙarfe, ya sake fasalin tuddan, aka buɗe shi a 2018 da sunan Steel Vengeance. Tsayinsa bai kai rabin na Dragster ba. Abin da aka yi tallarsa da shi shi ne daƙiƙa 27 na rabuwa da kujera, kuma nan da nan ya shiga sahun da mahaya ke sa wa a gaba a duniya baki ɗaya.

Kada a ɗauka bakinsu ɗaya a komai. Gardamar katako da ƙarfe ba ta ƙarewa. Masu son katako suna cewa jirginsu yana da rai: yana ƙara, yana jijjiga, tafiyar safe dabam da ta yamma, ta rani dabam da ta bayan ruwan sama. Masu son ƙarfe suna cewa ciwon baya ba nishaɗi ba ne. Akwai kuma gardamar kamfanoni, musamman biyu da suka samo asali a ƙasar Switzerland. Jiragen Bolliger & Mabillard santsi gare su, ba sa yawan lalacewa, suna kwashe layi da sauri, amma wasu na ganin sun cika ladabi. Na Intamin sun fi tsauri da ban mamaki, sai dai mutum na iya yin tafiyar kwana ya tarar an rataya allon gyara. A wannan gardama mai iyali da ke da yini ɗaya tak ya fi kusa da gaskiya in ya goyi bayan na farkon, domin jirgin da ke rufe ba ya ba kowa tsoro.

Daga wannan fahimta shawarwarinsu ke fitowa. Batun kujera, misali. Sabon shiga yana ganin gaba ce wurin jarumai, baya kuma mafakar matsorata, alhali kusan akasin haka ne. Jirgi dogo ne, kuma dukkansa gudu ɗaya yake yi. Lokacin da taragon gaba ya leƙa gangarar farko, sauran jirgin yana baya yana riƙe shi, sai ya sauka a hankali da farko. Kafin taragon baya ya iso ƙololuwa, nauyin na gaba ya riga ya ja jirgin ƙasa, sai a fizgo na bayan a kan tudun da gudu. Mai son gani da iska a fuska ya zauna gaba, mai son fizga ya koma baya, mai tsoro na gaske kuwa tsakiya ce wurinsa. A jirgin katako akwai ƙarin dabara: kujerar da ke kan taya kai tsaye ta fi jijjiga, saboda haka a tarago mai layi uku ana neman na tsakiya. Sun kuma lura cewa jirgi yana ƙara gudu yayin da yini ke tafiya, domin man tayoyin yana saki in ya ɗumama, kuma jirgin da ya cika da mutane ya fi wanda ba kowa riƙe gudunsa. Hawan ƙarfe goma na safe da na tara na dare a kan dogo ɗaya ba tafiya ɗaya ba ce.

Sai dai babban abin da ke cinye yinin mai ziyara layi ne, kuma a nan ilimin mahaya ya fi amfani ga wanda bai damu da sunayen kamfanoni ba. Suna kallon layi da idon lissafi. A ɗauka jirgi yana da kujera 32 kuma ana sallamar ɗaya duk bayan daƙiƙa 90. A awa guda an yi sahu 40, an kwashe mutum 1,280. In ma'aikata suka yi sanyin jiki, ko aka ajiye jirgi ɗaya don gyara, sallama ta koma duk minti biyu da rabi, adadin ya faɗo zuwa 768. Layin da ido ke gani bai canza tsawo ba, amma jiran ya kusa ninkawa. Shi ya sa gogaggen mahayi kan tsaya ya ƙirga jirage nawa ke kan dogo da yadda ake sallamarsu kafin ya shiga layi. Shi ya sa kuma yake fara yininsa da jirgin da ke ɗaukar mutane kaɗan ko mai yawan lalacewa, ya bar mai kwasar jama'a sai tsakar rana, lokacin da ko'ina ya cika.

Da sanyin safiya ake kama fara. Duk wanda aka tambaya a cikinsu zai ce a iso bakin ƙofa rabin awa ko fiye kafin a buɗe, domin awa ta farko ta fi awa uku na tsakar rana albarka. Da an buɗe, yawancin mutane suna afka wa abin da suka fara gani, mahaya kuwa suna wucewa can ƙarshen dandalin su dawo ta baya, suna tafiya kishiyar jama'a. Talata da Laraba sun fi Asabar. Ranar da masu hasashen yanayi suka ce za a yi yayyafi rana ce mai kyau, domin ta kori rabin mutane, ko da yake tsawa da iska mai ƙarfi suna sa a tsayar da manyan jirage. Ana cin abincin rana kafin sha biyu ko bayan biyu. Inda akwai layin mutum ɗaya, wanda ake cike guraben kujeru da shi, abokai kan yarda a raba su na minti biyu su tsira da awa guda.

Akwai kuma tikitin tsallake layi, wanda kusan kowane babban dandali ke sayarwa yanzu, wani lokaci da kuɗin da ya fi na shiga. Ra'ayin mahaya a kansa ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Ga wanda ya biya kuɗin jirgin sama da otal kuma yana da Asabar ɗaya kawai, sayensa hankali ne, don in ba haka ba zai koma gida da hawa huɗu a yini. Amma kujerar da aka ba mai wannan tikiti daga layin talakawa aka cire ta. Dandali yana sayar da maganin cutar da shi ne ke ƙara ta, kuma iyalin da suka yi tanadin shekara don su zo su ne ke tsaye a rana suna kallon wasu na wucewa. Wanda zai iya zaɓar ranar zuwansa bai cika bukatar tikitin ba. Hikima ita ce a shiga tukuna a ga yanayin layi, domin galibi ana iya sayensa a ciki.

Tambayar da ke zuciyar kowane uba ita ce ta lafiya, kuma mahaya suna amsa ta da natsuwar da ke ba baƙo mamaki. Ƙungiyar masu dandalin wasanni ta duniya, IAAPA, tana cewa yiwuwar samun mummunan rauni a kafaffen dandali a Amurka kusan ɗaya ne cikin hawa miliyan 15 da rabi. Ƙididdigar masu kasuwar ce, a riƙe ta a haka, amma tsarin da ke bayanta abin dubawa ne. An raba dogo gida-gida, kuma kwamfuta ba ta barin jirgi ya shiga wani gida sai wanda ke gabansa ya fita. An ƙera birki ta yadda in wuta ta ɗauke zai kama, ba zai saki ba. Ƙarar “ƙas-ƙas-ƙas” da ake ji lokacin hawan tudun farko haƙoran ƙarfe ne da ke hana jirgi komawa baya in sarƙa ta tsinke. Saboda haka jirgin da ya tsaya cak a tsakiyar hanya, wanda jaridu ke ɗaukar hotonsa a matsayin abin tashin hankali, yawanci tsarin tsaro ne ya yi aikinsa.

Inda ake samun masifa, sau da yawa hannun mutum ne. A ranar 2 ga Yuni 2015, a dandalin Alton Towers na Ingila, wani tarago marar kowa na jirgin The Smiler ya tsaya a kan dogo. Kwamfuta ta gane, ta tsayar da taragon da ke biye mai ɗauke da mutum 16. Ma'aikata suka zaci kuskuren na'ura ne, suka ba da umarnin a ci gaba. 'Yan mata biyu suka rasa ƙafa ɗaya ɗaya, kotu kuma ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. A 2023 kuwa wani mai ziyara ne ya hango tsagewa a ginshiƙin Fury 325 na dandalin Carowinds, jirgin da ya sha zama zakaran jiragen ƙarfe a duniya, ya ɗauki bidiyo ya kai rahoto, aka rufe shi har aka sauya ginshiƙin. Mahaya ba sa ɓoye waɗannan labarai. Abin da suke ɗauka daga ciki shi ne a dubi yadda wuri ke kula da kansa: ko ma'aikaci yana taɓa ƙarfen kowane mahayi da hannunsa kafin a sallami jirgi, ko hira yake yi. Sun fi yin taka-tsantsan da jiragen da ake kwancewa ana yawo da su gari-gari fiye da kafaffu.

Saura kuma yana hannun mahayi. Wayar da ta kuɓuce daga aljihu a gudun kilomita ɗari jifa ce ga wanda ke baya, shi ya sa wasu dandali suka sa na'urar binciken ƙarfe a bakin layi. Allon gargaɗi da ke hana mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai juna biyu da mai ciwon wuya ko baya ba ado ba ne. Ma'aunin tsayin yara an yi shi ne bisa girman ƙarfen da zai riƙe su, kuma uban da ya cusa wa ɗansa takarda a takalmi don ya kai ma'auni bai yi masa gata ba. Duhun da wasu ke gani a gindin babbar gangara jini ne ke sauka daga kai zuwa ƙafafu, kuma ya fi kama wanda bai sha ruwa ba ko bai ci komai ba. Maganinsa shan ruwa tun safe, cin abinci marar nauyi, da ɗaure tsokar ciki da cinya in an ji nauyi ya taso. Masu jiki kuma su nemi kujerar gwaji da ake ajiyewa a bakin layi, domin babu abin da ya kai a yi jiran awa biyu a zo ƙarfe ya ƙi rufuwa a gaban jama'a ciwo.

Ga wanda ke tashi daga Kano ko Abuja ko Yamai, wannan duniya ta matso kusa fiye da da, domin gasar kambu ta bar Amurka ta koma yankin Larabawa. Formula Rossa na Ferrari World a Abu Dabi, wanda aka buɗe a 2010, yana kai kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har sai an ba mahaya tabarau saboda yashi da ƙwari. A Qiddiya kusa da Riyad an gina Falcons Flight, wanda aka tsara ya kai kilomita 250 a awa a kan dogo mai tsawon fiye da kilomita huɗu, yana faɗowa daga kan dutse. Wanda harkar kasuwanci ko hutu ta kai shi can zai amfana da sanin cewa watannin sanyi ne lokacin zuwa, kuma hula da babbar riga ba kayan hawa ba ne. Hula a bar ta a akwatin ajiya, mayafi kuma a ɗaure shi tamau a soke bakinsa cikin riga, in an yi shakka a tambayi ma'aikaci tun kafin a shiga layi.

Abu ɗaya da mahaya suka yi ittifaƙi a kansa, duk da gardamarsu, shi ne kada a tilasta wa kowa, musamman yaro. Tsoron jirgin lilo yana da daɗi ne saboda mutum da ƙafarsa ya kai kansa. Yaron da aka ja yana kuka aka ɗaure shi a babban jirgi zai iya shekara ashirin bai sake kusantar wurin ba, wanda kuwa aka bari ya fara da ƙarami, ya tsaya ya kalli fuskokin masu saukowa, shi ne zai ja hannun ubansa zuwa na gaba. Yawancin dandali suna da tsarin musanya, inda uwa za ta hau uba ya riƙe yaro, sa'annan uba ya hau ba tare da ya sake bin layi ba.

Dabararsu ta ƙarshe ta dare ce. A yawancin wurare lokacin rufewa yana nufin lokacin rufe bakin layi, duk wanda ya riga ya shiga sai ya hau. Saboda haka minti biyar kafin a tashi, lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa ƙofar fita, mahaya suna gudu zuwa jirgin da suka fi so. A dandalin Kings Island na Ohio wannan jirgi shi ne The Beast, wanda aka buɗe a 1979, kuma har yanzu babu jirgin katako da ya kai shi tsawon dogo, fiye da kilomita biyu. An gina shi a cikin kurmi, ba a ganin komai nasa daga inda jama'a suke sai tudun farko. Da rana tafiya ce ta minti huɗu tsakanin itatuwa, wasu ma suna cewa an cika zuzuta shi. Da dare babu fitila a kurmin. Jirgin yana faɗawa ramin farko, hasken dandalin ya ɓace a baya, sai ƙarar katako da sanyin iska da ƙanshin ganye, mahayi bai san ta ina kwana za ta zo ba sai ta zo.